Nema, kama, ja, saki: yadda ƙwayar yis ke ɗaura wa kanta zobe ta rabu biyu

Akwai wani ɗan bidiyo da bai kai rabin minti ba wanda nake ta maimaita kallonsa kusan sati biyu kenan, kuma har yanzu bai ishe ni ba. Baƙin fili ne kawai, sai wani abu dogo kaman guntun alli a kwance, a tsakiyarsa kuma wasu ɗige-ɗige koraye suna ƙyalli, a warwatse, babu wani tsari da ido zai kama. Sai ka ga wannan ɗigon ya ɗan zabura ya tsaya, na kusa da shi ya matso ya kuma ja baya, wani ya yi nan wani ya yi can, kai ka ce ba su san inda suka dosa ba, amma kafin ka ankara sun taru sun zama layi ɗaya siriri cas a ƙugun abin. Zobe ne. Ya ɗan jima a haka shiru, sannan ya fara tsukewa a hankali a hankali har ya ɓace, abu ɗaya ya zama biyu. Abin da aka matse cikin 'yan sakanni a bidiyon awa guda ko fiye yake ɗauka a zahiri, kuma ƙwayar yis ce guda ɗaya tal ke raba kanta.

Tambayar da ta hana ni sakat ita ce, wa ya jera su? Babu ido a wurin, babu ƙwaƙwalwa, babu wani shugaban aiki da ke tsaye yana cewa kai matsa nan, ke koma can. Furotin ne zalla, sama da kala 100, kowanne da ɗan abin da ya iya, amma zoben kullum a tsakiya yake fitowa, kuma a kan lokaci.

Yis ɗin da ake maganarsa ba irin wanda aka fi sani ba ne mai tsiro da ɗan ƙulu a gefe. Wannan sunansa Schizosaccharomyces pombe, wani Bajamushe Paul Lindner ne ya fara bayyana shi a 1893 daga giyar gero ta Gabashin Afirka, kalmar pombe ɗin ma giya take nufi da Swahili. Siffarsa kaman sanda, kaurinsa maikuromita 3 zuwa 4 (maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), yana tsawo ne ta bakinsa biyu tun daga wajen maikuromita 7 har ya kai wajen 14 sannan ya tsage a tsakiya. Wannan sauƙin siffar shi ya sa masu bincike suke sonsa sosai, sabida da tsawon ƙwayar kawai za ka gane inda ta kai a rayuwarta. Da shi Paul Nurse ya gano yadda ƙwayar halitta ke sanin lokacin rabuwa, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2001 tare da Leland Hartwell da Tim Hunt. Kuma abin da ya fi muhimmanci a gare mu shi ne, ƙwayoyin jikinmu ma da irin wannan zoben suke rabuwa, na aktin da mayosin, wato dangin furotin ɗin nan biyu da ke motsa tsokar hannunka yanzu haka da kake riƙe da waya.

To amma tsoka a jere take, layi-layi, aktin nan mayosin nan, an gina an gama sai dai a yi ta amfani. Zobe kuwa sai an gina shi daga babu a duk rabuwa, a yi aiki da shi, a rushe shi. Shiyasa ginin nasa ya fi ba ni sha'awa fiye da tsukewar ma.

Farko dai sai an san ina ne tsakiya. Anan yis ɗin yana amfani da alamu biyu a lokaci guda, ɗaya mai cewa "ba nan ba", ɗaya mai cewa "nan ne". Mai cewa ba nan ba shi ne Pom1, wani furotin da ke taruwa a bakunan ƙwayar biyu, yana da yawa a can ƙarshe yana raguwa yayin da kake matsowa ciki, kuma aikinsa shi ne hana wani furotin mai suna Cdr2 zama a inda yake. Sai Cdr2 ya rasa wurin zama sai ƙugu, a nan yake kafa ƙananan dunƙule-dunƙule a jikin tantanin ƙwayar ta ciki. Waɗannan dunƙulen su ne ɗige-ɗigen da na gani a bidiyo, bari mu riƙa ce musu ƙulli. Mai cewa nan ne kuma shi ne Mid1, wanda yawancinsa a cikin cibiyar ƙwayar yake zaune, inda kayan gado suke, yana shiga yana fita, idan rabuwa ta gabato sai wani furotin Plo1 ya manna masa alamar fosfet, sai ya yi ta fitowa yana maƙalewa a tantanin da ya fi kusa da cibiyar. Ita cibiyar kuwa wasu siraran bututu ne ke riƙe da ita a tsakiya, suna tokarar bakunan ƙwayar biyu suna turo ta, hagu ya tura dama ya tura, sai ta tsaya a inda ƙarfin ya yi daidai.

Akwai wani gwaji da nake matuƙar so a kan wannan, don sauƙinsa. A 2005 Rafael Daga da Fred Chang suka zuba ƙwayoyin a injin da ke juyawa da gudu har cibiyar ta goce daga tsakiya ta koma gefe, sai ga wurin rabuwar ma ya bi ta can. Kenan ƙwayar ba awon tsawonta kawai take yi ba, tana kallon inda kayan gadonta suke, don ai su ne za a raba. Idan kuma aka cire Mid1 gaba ɗaya, zoben yana haɗuwa fa, amma a karkace, ko a gefe, wani lokaci ma ya kwanta a tsawon ƙwayar, sai a samu 'ya'ya biyu ɗaya babba ɗaya ƙarami, ko ɗaya ya tashi ba cibiya. Mu ma muna da ɗan uwan Mid1 a jikinmu, anilin ake ce masa.

Da zarar Mid1 ya zauna a ƙullin, sai baƙi su fara sauka ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a hargitse ba. Jian-Qiu Wu da Thomas Pollard a jami'ar Yale ne suka zauna suka bi lissafin nan daki-daki tun wajen 2003, suna liƙa wa kowane furotin wani ɗan furotin mai ƙyallin kore da aka samo daga wata halittar teku mai kama da lema, sannan su duba minti nawa ya iso, daga baya ma har ƙirga yawan kowanne suka yi ta hanyar auna hasken. Agogon da suke amfani da shi shi ne lokacin da turaku biyun da za su ja kuromosom, wato ƙunshin kayan gadon, suka rabu da juna, wannan shi ne sifili. Wajen minti 10 kafin sifili sai Rng2 da Cdc4 su iso, su ne shimfiɗa, sai Myo2 wato mayosin ɗin kansa tare da Rlc1, wani ƙaramin furotin da ke manne da shi, sai Cdc15 mai siffar ɗan lanƙwasa kaman jinjirin wata wanda ke rungumar tantani, daga ƙarshe sai Cdc12. Shi Cdc12 fomin ne, masaƙin zaren aktin, yana zama a bakin zare yana ɗora masa tubali ɗaya bayan ɗaya, wani furotin Cdc3 yana miƙo masa kaya. Ku lura cewa shi ne ƙarshen zuwa. Sai da aka kafa masu ja aka ɗaure su a tantani tukuna aka kawo mai yin igiya.

Da madubin duba ƙananan halittu da ake da shi a lokacin an ƙirga ƙulli wajen 65 a ƙwaya ɗaya. A 2016 Caroline Laplante da abokan aikinta suka sake dubawa da na'urar da ta fi wancan kaifin gani nesa ba kusa ba, sai suka ga ashe sun kai wajen 140, da yawa suna kusa da juna ne shiyasa da ake ganinsu kaman ɗaya. Sun ma ga yadda ƙulli ɗaya yake a tsaye: gindinsa a manne da tantani, mayosin wajen 10 wutsiyoyinsu a dashe a gindin, kawunansu kuma sun baje sun leƙa cikin ƙwayar kaman damin furanni, suna jiran abin da za su cafka.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe.

Kowane ƙulli yana fitar da zaren aktin, amma bai san ina maƙwabcinsa yake ba, don haka zaren duk inda ya ga dama yake nufa, yana tsawo da gudun wajen nanomita 200 a sakan ɗaya (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na maikuromita). Yawancinsu ba sa samun kowa. Amma idan aka yi dace zaren ya gifta kusa da wani ƙullin, sai kawunan mayosin na can su cafke shi su fara tafiya a kansa suna nufar tushensa, to tunda tushen a ɗaure yake da ƙullin farko, sai ƙullayen biyu su fara matsowa juna, da gudun wajen nanomita 30 a sakan. Wajen sakan 20 ake yi ana wannan jan, sai zaren ya tsinke, kowa ya tsaya cak a inda ya kai, a sake sabon nema. Wannan shi ne zabura da tsayawar da nake gani a bidiyon, wanda da farko na ɗauka rawar hoto ce kawai. A 2008 Dimitrios Vavylonis da Wu da Ben O'Shaughnessy da Pollard da wani abokin aikinsu suka fitar da wannan bayanin a mujallar Science, suka kira shi da kalmomi huɗu: nema, kama, ja, saki. Sun kwaikwayi abin a kwamfuta da waɗannan 'yan ƙa'idojin kaɗai, sai ga zobe ya haɗu da kansa cikin wajen minti 10, daidai da abin da ake gani a ƙwaya mai rai.

Me ya sa zobe yake fitowa ba wani abu daban ba? Sabida ƙullayen tun farko a faffaɗan ɗamara suke, sun zagaye ƙugun. Ta gefen bakunan ƙwayar babu kowa, don haka ƙullin da ke bakin ɗamarar duk wanda zai ja shi daga ciki yake, sai faɗin ya yi ta raguwa. Ta zagayen kuwa kowa yana da maƙwabci gaba da baya, ana jansa nan ana jansa can, ba ya zuwa ko'ina. Faɗi ya tsuke, zagaye ya tsaya, ka ga zobe kenan.

Amma ni kalmar ƙarshen nan, saki, ita ce ta fi tsaya min a rai, kuma ina ganin ita ce mutane suka fi tsallakewa idan suna ba da labarin. Hankali zai ce maka tsinkewar zare asara ce, an sha wahala an nemo an kama, me ya sa za a yanke? Ashe ƙwayar da gangan take yi, tana da almakashi na musamman, kofilin, wanda a wannan yis ɗin ake kira Adf1, aikinsa kenan ya bi zaren aktin yana datsewa. Qian Chen da Pollard sun raunana shi a 2011 don su ga abin da zai faru, sai ƙullayen da suka kama juna suka ƙi rabuwa, suka yi ta ja har suka cure wuri ɗaya, nan dunƙule can dunƙule, tsakaninsu fili fetal, zoben ya yi ta jinkiri kafin ya haɗu da ƙyar. Wato idan biyu suka riƙe juna ba saki, to sun ware kansu daga sauran, su ke nan. Yankewar ce ke ba kowane ƙulli damar sake juyawa ya gwada wani maƙwabcin, ja kaɗan nan, ja kaɗan can, har a daidaita. Gaskiya duk lokacin da na koma kan bidiyon yanzu tsayawar nake kallo, ba motsin ba.

Akwai kuma masu ɗinke zaruruwan su kwanta gefe da gefe, Ain1 da Fim1, da Cdc8 da ke kwanciya a jikin zaren yana ƙarfafa shi, su ma idan sun yi yawa ko sun yi kaɗan aikin yana cuɗewa. Kuma ba kowa ne ya yarda da labarin ƙulli tun farko ba, Issei Mabuchi a Japan da ɗalibansa sun ga kaman wata igiya ce guda take tasowa daga wuri ɗaya ta zagaye ƙwayar, an daɗe ana ja-in-ja a kan haka. Ni dai abin da na fahimta shi ne ƙwayar tana da hanya fiye da ɗaya, tunda mun ga ko babu Mid1 da ƙullayensa zobe yana haɗuwa daga baya, sai dai hanyar ƙulli ita ce ta yau da kullum, ita ce mai sauri kuma mai saiti.

Bayan zoben ya haɗu ba ya fara tsukewa nan take, yana zama wajen minti 20 ko fiye yana jira, a lokacin ne wasu ke ƙara shigowa, irin su Myp2 mayosin na biyu, Cdc15 ya ƙaru sosai, shi kuma Mid1 da ya kira taron ya tattara ya fice. Jiran nan ba na banza ba ne, ana jiran kuromosom su gama rabuwa su yi nisa da juna. Umarnin farawa daga turakun nan yake fitowa, ta wata sarƙar furotin da ake taƙaita sunanta da SIN, Spg1 ya tada Cdc7, a bi ta Sid1, har a kai Sid2 wanda shi ne ke tasowa ya zo kan zoben da kansa. Idan wannan lissafin ya kuskure, akwai ƙwayoyin da Mitsuhiro Yanagida ya yi nazarinsu a Kyoto waɗanda bangon rabuwa, wato bangon da ke tsirowa a tsakiya ya raba ƙwayar biyu, ke saukowa ya datse cibiyar tun ba ta rabu ba, hotonsu ba daɗin gani wallahi, kayan gadon a tsinke gida biyu kuma ƙwayar mutuwa take yi. Idan kuma SIN ta mutu gaba ɗaya sai ƙwayar ta yi ta tsawo tana tara cibiyoyi ba ta rabuwa, idan ta ƙi kashewa sai ta yi ta gina bango a kan bango.

Ko a zaman jiran nan fa zoben ba a daskare yake ba. Robert Pelham da Fred Chang sun nuna a 2002 cewa kayan cikinsa suna sauyawa cikin ƙasa da minti ɗaya, wasu na fita wasu na shiga, fomin na saƙa kofilin na yanka, siffar ce kawai take nan.

Sai kuma abin da ya rusa min tunanin da na shigo da shi. Ni da na ɗauka zoben kaman zariya yake, a ja a tsuke bakin jaka shikenan. A ƙwayoyin dabbobi masu laushi kusan hakan ne, tun 1977 ma Mabuchi da Makoto Okuno suka toshe mayosin a ƙwan tauraron teku rabuwa ta tsaya. Amma yis yana da bango mai tauri, kuma cikinsa a cike yake tam da matsin ruwa da ya kai wajen ninki 10 na matsin iskar da muke ciki, ya fi na tayar mota sau da yawa. Da aka cire bangon aka auna ƙarfin jan zoben a 2014, wajen pikoniyutan 400 aka samu (pikoniyutan ma'aunin ƙarfi ne ɗan mitsitsi ƙwarai), wanda ko kusa bai isa ya lotsa tantani a gaban wannan matsin ba. To me ke turawa? Bangon ne. A bayan zoben akwai injinan gini a dashe a tantani, Bgs1 da Bgs4 da Ags1, suna ta zuba zaruruwan sukari masu tauri da ake kira gulukan, sabon bango yana tsirowa daga gefe zuwa tsakiya yana tura tantanin ciki. Ɗakin binciken Chang sun gwada narkar da aktin ɗin da magani bayan tsukewa ta yi nisa, sai ga bangon ya ci gaba da rufewa ba zobe, a hankali dai amma ya ci gaba. Zoben kenan jagora ne, shi ke tara magina a wuri ɗaya, shi ke sa ramin da ya rage ya zauna a zagaye sumul, inda gini ya yi baya ya fi jansa inda ya yi gaba ya sassauta.

Wannan ba ya nufin zoben ba shi da ƙarfin kansa. A 2013 Mithilesh Mishra da Mohan Balasubramanian da Mabuchi da sauransu suka huda ƙwayoyin da aka cire wa bango, ruwan cikin ya tsiyaye ya bar zoben a fanko, suka zuba masa ATP, wato man da mayosin ke sha, sai zoben ya tsuke da gudun da ya ninka na cikin ƙwaya mai rai sau da yawa. Ashe a cikin ƙwaya bangon ne ke riƙe masa linzami, ba ya wuce saurin magina.

Shi kuwa ɗaya yis ɗin mai tsiro, Saccharomyces cerevisiae, tun kafin komai ya riga ya zaɓi wurin rabuwa, wato wuyan da ke tsakanin uwa da 'ya, wasu furotin da ake kira seftin su ke yin kwala a wurin su kira mayosin ɗinsa Myo1, bangon farko kuma da kaitin, wani abu mai tauri irin na ɓawon ƙwari, yake yinsa ta hannun Chs2. Har an nuna cewa ko an guntule kan Myo1, wato injin jan gaba ɗaya, wutsiyar kaɗai tana iya kai shi ga rabuwa. A yi hattara da sunaye dai idan za a karanta, Cdc12 a wannan yis ɗin seftin ne, a pombe kuma fomin, suna ɗaya abu daban, ya taɓa rikita ni na kwana biyu ina karanta takarda ina ganin kaman marubutan sun saɓa wa juna.

A pombe tsukewar tana cin wajen rabin awa, zoben yana ƙanƙancewa yana zubar da aktin ɗinsa a hanya har ya ƙare. Abin da ya rage bango ne mai hawa uku, na tsakiya da biyu a gefensa. Sai a turo wasu masu narkarwa, Eng1 da Agn1, su cinye na tsakiyar da tsohon bangon da ya zagaye shi, matsin ruwan nan da zoben ya kasa yaƙa shi ne yanzu zai kumbura sabbin bakunan biyu su yi mulmul su ture juna. A bidiyon nawa wannan ne sakan biyun ƙarshe, 'ya'yan biyu suna ɗan ballewa gefe kaman an karya alli, kuma idan ka tsayar da hoton a nan ka zura ido sosai, za ka ga a ƙugun kowannensu wasu 'yan ɗige-ɗige sun riga sun fara taruwa.